Antsi: Shekarar da Babanku Ya Tafi Haƙar Ruwa

Magaji, wannan babin naka ne, ko da yake ƙannenka ma su karanta. Na san abin da ke ranka game da babanku tun kana ɗan shekara tara, kuma na ga yadda ka tsaya a bakin ƙofa ranar da aka fito da gawarsa, idonka a bushe kamar ba naka aka ɗauka ba. Ban ce maka komai ba. Akwai rantsuwa a wuyana wadda ba ta sauka ba sai da aka rufe shi, bayan ta sauka kuma sai na tarar bakina ya saba da shiru. Yanzu ƙarfina yana tafiya, ba na so in bi shi da maganar a cikina. Zan fara da sunan nan da duk Mantiƙa Sinaiya, unguwar garejoji ta Khartum, ta san shi da shi, Antsi, domin na ji ƙanwarka Sa'adiya tana gaya wa 'ya'yanta wai sunan garin kakanninmu ne a Najeriya. Ba gari ba ne. Kalmar Turanci ce, kuma a tsakar gidanmu ta faɗo, a kan tabarmata.

Lokacin muna unguwar Alhilla Kuku, a hayin kogi daga Khartum, a gidan nan mai ɗaki biyu da rumfar zana, mu da kakarku Inna, wadda ku kuke kira Habboba. Babanku ya baro gonakin auduga na Jazira yana saurayi, ya koyi gyaran mota har aka fara ce masa usta, wato babban makanike. Ku kun san shi da furfura, yana tafiya a hankali. Ni na san shi lokacin da ba ya iya zama. In ya zauna ƙafarsa ta dama tana rawa har gadon igiya ya riƙa kuka. A tsaye yake shan shayi. Ran Juma'a, da ba a aiki, sai ya kwance rediyon gidan ya baje kayan cikinta a faranti, ba don ta lalace ba, wai yana so ya ga inda maganar ke shiga. Sau uku ya kwance mini risho ina tsakiyar girki. Inna takan ce tun a ciki haka yake, bai bar ta ta yi sallah a natse ba wata tara.

A shekarar da nake ba ka labari, wani Ba'amurke mai haƙar rijiyoyi ya kawo injinsa garejin. Inji ne babba a bayan lori, mai huda ƙasa har ya tarar da ruwa. Ya gagari makanikai biyu, babanku ya kwana uku a kansa ya tayar da shi. Daga nan suka saba, har babanku ya gayyato shi cin abinci wata Juma'a bayan masallaci. Sunansa Mista Tom. Da Inna ta ji sunan sai ta tambaya ina abokin tagwaicinsa, don ka san a Larabcin nan Tom shi ne ɗan tagwaye. Dogo ne, wuyansa ja kamar an yanka, yana jin Larabci irin na kasuwa, gutsure-gutsure. Na yi tuwon dawa da miyar kuka, babanku ya sayo agashe a bakin titi, na dama kunun godo-godo na sa a tulu ya yi sanyi.

Baƙo yana zaune a tabarma, mai gida kuwa ya kasa zama. Ya tashi ya gyara zana, ya dawo, ya tashi ya ɗauko ruwa alhali ga ruwa a gabansu, ya dawo ya fara zana cikin injin a ƙasa da tsinke yana jera tambayoyi. Mista Tom ya dube shi yana dariya, ya dafa masa gwiwar da ke rawa, ya faɗi kalmar. Inna tana daga bakin ɗakinta, kunnenta kuwa ba ya barin komai ya wuce.

"Audu, me ya ce maka? Zagi ne?"

"Ban sani ba, Inna. Turanci ne."

"To tambaye shi. Ba a ci mini tuwo a zagar mini ɗa da yaren da ba na ji."

Babanku ya tambaye shi. Mutumin ya nemi Larabcin da zai ishe shi ya rasa, sai ya sunkuya ya ɗauki tururuwa ɗaya daga bakin faranti ya ɗora a tafin hannunsa. Ya ce wannan a harshensu sunanta ant. Ya ce a ƙasarsu in mutum ya kasa zama wuri ɗaya, sai a ce tururuwa ta shiga masa wando. Da maganar ta yi wa mutane tsawo sai suka yar da wandon, suka riƙe tururuwar, suka ƙara mata ɗan wutsiya a ƙarshe, ta zama siffar mutum. Ya ce Ingilishi da suka mulki Sudan ba su cika faɗinta ba, ta mutanen Amurka ce. Don kada a yi kuskuren fahimta, sai ya miƙe, duk tsawonsa, ya kama wandonsa yana tsalle yana kaɗe ƙafa. Kai da Sa'adiya kuka faɗi ƙasa don dariya. Ni na rufe fuska da mayafi. Inna ta yi ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya fi ƙarfinta, ta yi dariya har da hawaye.

"Ka gaya masa ya yi kuskure kaɗan," in ji ta. "Tururuwa ba ta isa ba. Na ɗana cinnaku ne."

Sai kuma ta shiga jero masa namu. Ta ce mu muna cewa garaje, muna cewa rawar jiki, muna cewa ƙaiƙayin ƙafa, Larabawan nan kuma su ce shafgan, ya zaɓi wanda ya dace da tasa. Mista Tom ya sa aka yi masa bayanin kowanne, ya girgiza kai, ya ce duk sun yi kusa amma da saura. Muka gwada faɗin kalmar, ta fito mana da irin harafin da ke cikin tsatsa da tsutsa, shi kuma ya kasa faɗin tamu yadda muka faɗa. Kafin mako ya zagayo yaran gareji sun ɗauka. Ko a wurin jana'izarsa na ji tsofaffin makanikai suna cewa Allah ya jiƙan Usta Antsi.

Bayan wannan Juma'ar da kamar wata ɗaya, Mista Tom ya yi masa tayi. Za su tafi yamma, Kurdufan har Darfur, su yi shekara biyu suna haƙa rijiyoyin inji, irin waɗanda mutanen can ke kira donki, kuma yana son makaniken da zai riƙe injin. Babanku ya dawo gida da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba, ya ba ni labari yana zagaya tsakar gida. Bai yi maganar albashi ba ko sau ɗaya. Cewa yake yi, Hauwa, wai ƙasa ce busasshiya, mata suna yini a hanya da jaki don tulu biyu, sai a kafa wannan abu, ruwa ya yi tsiri sama. Ya ce yana so ya ga wannan da idonsa, hannunsa yana kan injin. Yana cikin magana sai idonsa ya faɗa kan Inna tana gyangyaɗi a rumfa, da kai kana haddar allo, da Sa'adiya, da ƙaramarku Maryama da ke rarrafe tana kama ƙafar gado. Ya tsaya. Washegari ya je ya ce wa mutumin ya gode, ba zai iya ba.

Babu wanda ya hana shi, shi ya hana kansa. Inna ta sa masa albarka, maƙwabta suka ce ya yi hankali, ni ma a ranar na ji daɗi. Amma daga nan sai gidan ya sauya. Mutumin da ke shan shayi a tsaye ya fara zama har shayin ya huce a hannunsa. Gado ya daina kuka. Rediyo ta lalace da gaske, ta yi mako uku a kan taga bai taɓa ta ba. Ba ya faɗa, ba ya ɓata rai, yana zuwa aiki yana dawowa, yana ɗaukar Maryama ya ɗora a cinya. Wata rana ina tankaɗe na ɗaga kai na gan shi zaune, ƙafafunsa biyu a ƙasa shiru kamar na wani. Shekara goma sha ɗaya ina roƙon Allah ya ba mutumin nan natsuwa. Da ta zo sai na ga ba ita na roƙa ba.

Ran wata Talata na ce wa Inna za ni kasuwa. Na goya Maryama, na yafa mayafi, na hau bas na ƙetare gada zuwa Khartum. Ban taɓa shiga Mantiƙa Sinaiya ba sai ran nan. Ƙarar guduma ko'ina, ƙasa baƙa da man inji, maza suna bina da kallo. Na kauce wa layin garejin babanku, na yi ta tambaya har aka nuna mini filin da ake loda bututu a lori. Mista Tom ya gane ni, ya sa aka kawo mini kujera, na ƙi zama. Na ce masa tambaya ɗaya ta kawo ni.

"Kalmar nan da ka kira maigidana da ita. Ciwo ce ko hali?"

Ya cire hularsa ya share gumi. Ya ce ba ciwo ba ce. Ya ce a gidansu uwarsa takan faɗa musu ita ana gobe salla, in sun kasa zama don ɗokin gari ya waye. Ana faɗa wa wanda ke jiran jirgi, ana faɗa wa doki kafin a sake shi. Ya ce abin da ya rasa a kalmomin da tsohuwa ta jero masa ke nan: mai wannan hali ba gudun inda yake yake yi ba, wani abu ne a gabansa yake ɗokin ya kai gare shi.

"In bai kai ba fa?"

"Wasu suna haƙura," in ji shi. "Amma ban san ko haƙuri ne ko gajiya ba."

"Ka samu wani makaniken?"

"Ban samu kamarsa ba."

"To kada ka nema."

Na hau bas na dawo gida. Da la'asar, Inna ta shiga maƙwabta barka, kai kana makarantar allo, na kai wa babanku ruwan alwala na tsuguna a gabansa na gaya masa inda na je. Ya ce Inna fa? Na ce ina nan. Ya ce yara fa? Na ce ni na haife su. Ya ce Hauwa, in wani abu ya faru ba na nan? Na ce abin da Allah ya rubuta ba ya duba wanda ke gida. Da bakina na faɗi wannan, Magaji, kuma na sha tuna shi. Na ce masa gara in yi shekara biyu ina kewar mijina da in yi shekara talatin ina zaune da wani mutum mai kama da shi. Ya ɗauki butar ya fara alwala.

Da ya gaya wa Inna, bai ambace ni ba. Ya ce shi ne ya sake shawara. Ta yi faɗa irin wanda ban taɓa ji ba, ta ce ubansa ya bar Haɗeja da ƙafa don Makka ya mutu a gonar auduga bai ga Makka ba bai koma gida ba, yanzu shi ma zai bi iska. Ta juyo gare ni ta ce, ke kuma kin yi shiru, ba za ki hana shi ba? Na buɗe baki, babanku ya riga ni.

"Ta hana, Inna. Ni ne ban ji ba."

Muka raka shi Omdurman, inda lorin yamma ke tashi, da hantsi. Ka riƙe masa jakarsa har bakin mota, ka ƙi sakinta sai da ya ɓamɓare yatsunka ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗaga Maryama sama, ta kama masa gemu. Inna ba ta zo ba, amma ta ƙulla masa ƙuli-ƙuli da garin yaji a tsumma ta ba ni in ba shi, ta ce kada in ce daga ita ne.

Wata bakwai na farko lafiya lau. Wasiƙunsa suna zuwa ta hannun direbobi, malamin unguwa yana karanta mana. A ciki har da zanen inji, kamar mu za mu gane. Ya rubuta cewa ranar da ruwa ya fara fitowa a ƙauyen farko, wata tsohuwa ta shiga ƙarƙashinsa da tufafinta ta ƙi fita. Inna takan ce a sake karanta mata wurin, sannan ta tsuke baki ta ce shirme. Maryama ta fara tafiya, ta fara kiran sunanka kafin na kowa.

Sai zafi ya shigo da ƙyanda. Ta bi layinmu gida-gida. Sa'adiya ta kamu ta warke. Maryama ta kwanta ran Alhamis, muka kai ta asibiti, aka ba mu magani muka dawo, ƙurajen suka fito suka koma ciki. Kai ka san sauran fiye da kowa, domin kai ne ka riƙa jiƙa tsumma kana shafa mata, kuma a cinyarka take da safiyar Litinin lokacin da na fita ɗebo ruwa na dawo na tarar ta cika, kai kana kallon bango. Da aka dawo daga maƙabarta ka zo ka tsaya a kaina ka ce, Umma, da Baba yana nan da ba ta mutu ba. Ban amsa maka ba. Ya kamata in amsa. A layin nan ƙyanda ta ɗauki yaran da iyayensu maza ke zaune a gida, har da ɗan mai kantin magani. Amma ran nan ni ma abin da zuciyata ke faɗa mini ke nan, sai dai ni na san wanda ya buɗe masa ƙofa.

Wasiƙar da muka aika masa ta yi wata biyu kafin ta same shi, damina kuma ta rufe hanya. Sai da kaka ya iso, ya rame, ya yi baƙi, da jakar nan tasa. Inna ta rungume shi tana kuka, ta manta da fushinta. Sa'adiya ta ɓuya a bayana don ta manta fuskarsa. Kai kuwa ya miƙa maka hannu, ka dube shi, ka juya ka fita. Na tashi zan bi ka. Na yi niyyar in kamo ka in gaya maka komai a gaban kakarka. Ya riƙe mini mayafi ya ja ni bayan ɗaki, wurin tulunan ruwa.

"Me za ki ce masa?"

"Gaskiya. Ni na je wurin Baturen. Ni na ce ka tafi."

"Ba za ki faɗa ba."

"Yaron nan zai tsane ka a kan abin da ni na yi."

"Bar shi ya ji haushina, Hauwa. Yaro yana iya girma da haushin ubansa. In ya ji haushin uwarsa, wa zai ba shi abinci ya ci? Kuma ke kin ce in tafi, amma ƙafata ce ta hau motar. Ki rantse mini ba za ki faɗa ba ina da rai."

Na rantse. Bai koma yamma ba, ya aika wa Mista Tom cewa a nemi wani. Ya koma garejinsa, ya yi shekara talatin da wani abu a ciki, har muka sayar da gidan Kuku muka dawo nan unguwar Dar Salam. Duk abin da ka yi masa ya shanye. Da ka ƙi koyon gyaran mota ka tafi kasuwa, ya ce ka yi daidai. Da ka yi aure ka sa kawunka ya karɓa maka, ya zauna a bayan mutane ya yi addu'a, ya dawo gida ya ce mini ango ya yi kyau. Sau da yawa na roƙe shi ya sake ni daga rantsuwar, sai ya ce tukuna.

Akwai abu ɗaya da ni ma ban sani ba sai bayan ransa. Rana ta uku ta zaman makoki, kana waje wurin maza, aka ce mini wani baƙo yana so ya yi wa matar mamaci gaisuwa. Dattijo ne da rawani, mutumin yamma, yana sayar da raƙuma a kasuwar dabbobi ta Omdurman, a can ya ji labari. Ya tsuguna daga bayan zana ya ce shi yana matashi lokacin da aka haƙa rijiyar ƙauyensu. Ya ce suna tsakiyar aikin direba ya kawo wa usta wasiƙa. Ya karanta, ya ninke, ya shiga ƙarƙashin lori ya kwanta har rana ta juya. Baturen ya ce a tsayar da aiki. Usta ya fito ya ce a'a, hanya a rufe take ko ya so tafiya, kuma akwai yara a ƙauyen nan da ke shan ruwan kududdufi. Kwana tara ya yi a kan injin, ba ya magana da kowa. Da ruwa ya fito, mai gari ya ce za a sa wa rijiyar sunan usta. Ya ce kada a sa nasa.

"Har yau tana ba da ruwa, Hajiya," in ji dattijon. "Ƙauye bakwai ke sha. Donki Maryama muke ce mata. Na daɗe ina so in tambaya, wace ce Maryama?"

Na gaya masa. Ya yi salati, ya yi mata addu'a kamar jiya ta rasu.

Na sa Sa'adiya ta rubuta sunan ƙauyen da inda ake sauka daga mota, takardar tana cikin akwatina, ƙarƙashin likkafanina. Ni ƙafata ba za ta kai ni ba. Ban ce ka yafe mini yau ba, Magaji, ka ɗauki lokacinka kamar yadda na ɗauki nawa. Amma in hanya ta yi kyau bayan damina, ka je. Ka sha, ka yi alwala, ka cika gora ɗaya ka kawo mini.